Layi Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ƙarfe shida saura, Sheffield ta riga ta yi duhu.
Ruwa na tsiyaya a tagar ofis, ba sauri, ba fashi.
Maureen ta tafi, ta bar kofinta da sauran shayi,
ta manna mini 'yar takarda rawaya:
"Duba jadawalin bas na hunturu kafin ka tashi.
A taƙaice Declan yake so."

To, a taƙaice.

Na buɗe baƙin allo,
wanda ba ya gaisuwa, ba ya tambayar gajiya,
ɗan ɗigo kaɗai ke ƙifta ido, yana jiran umarni.
Jaka biyu, ta bara da ta bana,
ya da ƙanwa, kama ɗaya, hali daban.
Na rubuta diff, na jera su,
na tura abin da ya fito ta bututu
zuwa ga ɗan ƙaramin mai ƙidaya.
Na danna.

Ko numfashi ban sauke ba:
fayil uku sun canza,
an ƙara layi sha tara,
an cire ɗari biyu da sha ɗaya.
Gaban kowane suna ga alamomi a jere,
ƙari kore, 'yan tsiraru,
ragi ja, dogo,
kamar tururuwa sun sami ƙofar rumbu a buɗe.

Aiki ya ƙare. Abin da aka ce ke nan.
Har na miƙa hannu ga lema.

Amma mai awo ya san tiya nawa ya auna,
bai san murhun wa zai kwana ba wuta ba.
Shi ma wannan, layi layi ne a wurinsa:
waƙafin da aka gyara
da hanyar da aka kashe
kuɗinsu ɗaya.

Na sallami mai ƙidaya, na ce a zazzage mini buhun.

Suka zubo.
Yawanci ƙaiƙayi ne:
sunan tasha an gyara masa harafi,
minti biyu an matsar da su gaba,
wata Lahadi da aka rubuta sau biyu.
Ina gangarawa, ina hamma,
sai yatsana ya tsaya da kansa.

Ragi. Sha biyu saura kwata na dare.
Ƙofar asibiti.

Na san wannan layin ba a allo ba.
Na san warin kujerunsa idan riguna sun jiƙe,
na san direban mai tari, wanda ke jira
in ya hango mutum na gudu.
Shi ke kawo mini Balaraba gida,
ƙafa a kumbure, takalmi a hannu tun daga matakala,
ita da Grace, da dattijon nan mai goge ƙasa
da ban taɓa jin sunansa ba.

Ɗaya cikin ɗari biyu da sha ɗaya.
Ko rabin alama bai samu ba a taƙaitawar.

Ban ga laifin na'ura ba.
An tambaye ta nawa, ta ce kaza,
ba ta rage ba, ba ta yi ƙari.
Ni ma da za a jera ni da wanda ya sauka jirgi
shekara goma sha biyu da suka wuce,
lamba za a bayar,
ba wanda zai ce wane layi ne muryar innata.

Waya ta yi ƙara. Balaraba:
"Ka biya ka sayo madara. Yau ma sai dare."

Na kwafe lambobin kamar yadda suke,
ban taɓa ko ɗaya ba.
A ƙarƙashinsu na rubuta da yatsuna:
"Declan, bas ɗin ƙarshe na asibiti na cikin waɗanda aka cire.
Masu aikin dare da shi suke komawa gida.
Ka duba kafin a buga."

Ko zai duba, Allah masani.
Na adana, na sake kiran mai ƙidaya, don sabo.
Ya ƙifta ido, ya ce:
fayil ɗaya ya canza,
an ƙara layi uku.